Tsayin 'Yar Shekara Shida

Fam ɗaya na saye shi a shagon gwanjo na titin Holderness,
bangonsa a yage, wani ya ɓarar masa da shayi a shafi na arba'in.
Na ce ya taya ni hira a aikin dare
kafin tsofaffin gidan jinya su fara kiran matattunsu.

Yaro ne ke ba da labarin,
shi ya sa ban yi shirin tsoro ba.
Bai san sunan komai ba, yaron nan.
Ya ce Baba yana yawan wanke hannu tun ranar Talata.
Ya ce kare ya daina shiga kicin.
Ya ce akwai wata mata a ƙarƙashin matattakala,
tana da kirki, takan tambaye shi ƙarfe nawa Mama ke barci.
Sai ya koma zancen sabon takalminsa mai fitila a dunduniya.

Ni da na san sunan abin,
ni da na rufe idon mutum goma sha ɗaya a garin Hull,
ni ce tsigar jikina ta tashi.
Shi ko a jikinsa. Yana ƙirga tayil.

Ƙarfe uku, ƙararrawar ɗaki na tara.
Mista Haldenby yana son ruwa, yana son in leƙa bayan labule.
Na leƙa. Na ce babu kowa.
Ya ce, haka kuke cewa dukanku.

Na dawo na tarar da littafin a kife kamar tsuntsun da ya faɗo.
Ba matar matattakala ke cin raina ba.
Manyan ne.
Shafi ɗari biyu, ba wanda ya durƙusa.
Daga sama suke magana, ƙafafu ne da murya,
gwiwoyi, bakin siket, makullan mota suna kaɗawa.
Sau uku yaron ya faɗa, da bakinsa, ƙarara.
Aka ce mafarki ne.
Aka ce talabijin ta yi masa yawa, gobe akwai makaranta.

Sai Bara'atu ta faɗo min a rai.
Ranar Laraba, ina ɗaure igiyar takalmi, bas saura minti bakwai,
ta riƙe gefen rigata ta ce,
Umma, bututun ɗumama ɗaki yana kiran sunana,
amma ba daidai yake faɗa ba.
Na ce ƙarfe ne, in ya huce sai ya yi ƙara.
Na tofa mata addu'a a tsaye, ƙafa ɗaya a waje.
Na ce Babanki na nan. Na ja ƙofa.

Ban ƙarasa littafin ba. Saura shafi talatin,
kuma na san masu irin wannan rubutu ba su da tausayi.

Gari ya waye a makare, yadda ya saba a nan, toka-toka, da yayyafi.
Na shiga gida ban kunna fitila ba.
Na ajiye jaka a bakin ƙofa, na durƙusa,
na rage tsawona zuwa na 'yar shekara shida.

Daga nan ƙasa, gidan wani gida ne.
Rigunan sanyi a rataye, ga kafaɗu, babu kai.
Mariƙin ƙofa ya yi nisa.
Ƙarƙashin matattakala akwai wani duhu
da ban san tare muke haya ba.
Bututun ya ce ƙas, ya ce ƙas, ya ja numfashi.

Da rarrafe na isa bakin gadonta.
Idonta biyu.
Na ce, gaya min yadda yake faɗin sunan.
Ta daɗe tana dubana, kamar mai auna ko na isa a gaya min.
Sannan ta matsa, ta ba ni gefen bargo,
ta ce, yi shiru, Umma.
Sai an yi shiru yake farawa.