Ramin da Gara Ta Ci

Zuwera ta kira daga Sifaniya bayan la'asar:
"Baba, kwana tara gare ka, tikiti a wuyana.
Ka zaɓi garuruwa kafin Lahadi."
Layi ya yanke, ya bar ni da waya a hannu
kamar wanda aka miƙa wa dafaffen ƙwai da zafinsa.

Shekara talatin da ɗaya ina zana ƙasar nan da alli
ga yaran Tawa, a allon lakwal.
Ƙirgi ne, nakan ce, an shanya shi a bakin teku.
Ni kuwa ban taɓa ganin teku ba;
ruwana mafi faɗi tafkin Tabalak ne,
shi ma a shekarar da damina ta yi kirki.

Na ciro tsohuwar taswira daga ƙasan akwati,
na danne kusurwa uku da kofunan shayi,
ta huɗun da takalmina.

Malam Alzuma ya riga kowa ɗora yatsa.
"Kurɗuba," ya ce, "sannan Garnaɗa.
Ka ƙirga mini ginshiƙan masallacin nan,
ka shafa bango, ka kawo mini hannun."
Yana kiran sunayen da Larabci
kamar dangin uwa da aka daɗe ba a ji ɗuriyarsu ba.

Kadri jikana bai san wata ƙasa ba sai Barsalona.
Riga yake so, mai lamba a baya,
da hotona a ƙofar filin ƙwallo
don a daina yi masa gardama a Bilbis.

Tabawa tana ƙulla cuku a leda, ba ta ɗago ba.
"Gwiwarka," ta ce. "Ka zaɓi garin da ba shi da tudu.
Duwatsun Adar ma sun gagare ka,
sai na wata ƙasa?"

Na yi lissafi kamar mai rabon gado.
Madirid kwana biyu, tunda nan jirgi ke sauka.
Ishbiliya, don in ga lemun da aka ce
yana zuba a titi ba mai tsinta.
Balansiya, don teku,
in tsoma ƙafa, in san abin da na yi ta koyarwa.
Kwana tara, gari bakwai:
ko ɗan kiran sallar kasuwa ba ya wannan gaggawa.
Na soke, na rubuta, na sake sokewa,
har shayi na uku ya huce.

Da dare, da fitilar waya, na nemi inda take.
Ƙauye ne bayan Teruwel, harshena ya kasa sunansa.
Ta ce matasa duk sun watse birni,
sai tsofaffi da karnuka da agogon coci.
Ita ke auna musu jini, ita ke yanke musu farce.
Na ce, ashe su ma suna cin rani,
ashe su ma akwai masu zaman jiran waya.

Na bi layin hanya da yatsa, na bi, na bi,
sai yatsa ya faɗa rami.
Gara ta ci wurin, daidai faɗin dala.
Ta cikinsa ina ganin tabarmata.

Ranar Lahadi, kasuwa na ci, na kira ta.
Na ce, Kurɗuba kwana ɗaya, saboda Alzuma.
Teku yini guda, rigar Kadri a saya a tasha.
Sauran, ki kai ni ramin nan.
Ina so in ga ƙofar da kike buɗewa da asuba,
da bencin da tsofaffinki ke shan hantsi.
Zan zauna a ƙarshensa da cukuna,
in gutsura wa na kusa da ni.

Ta yi shiru har na zaci layi ya yanke.
Sannan ta ce, "Baba, akwai tudu fa."

Na ce, kar ki gaya wa uwarki.