Laifin Mangwaro

A Garwa, in zafi ya kai maƙura,
Binuwai ta ja jiki ta bar yashi a fili,
dorina ta nemi gurbi mai zurfi ta lafe,
sai mangwaro ya cika kasuwa,
kwando kan kwando, har awaki na yanga.
Sannan hadari ya haɗo daga gabas.
Sannan zazzaɓi.

Inna Barmani ba ta neman shaida.
Ta taɓa goshina da bayan hannu,
ta hango ƙwallayen da na ɓoye bayan randa,
ta ce, "Guda nawa ka sha?"
Shari'a ta ƙare, an kama mai laifi.
Randar kuwa, wadda aka daina ɗiba,
ruwan sama kwance cikinta kwana tara,
'yan tsutsotsi suna ta wutsil-wutsil,
ba wanda ya kira su gaban alƙali.

Unguwarmu cike take da waɗanda ake tuhuma.
Mujiya ta yi kuka kan tsamiyar Jauro,
aka ce jaririn maƙwabta take kira.
Muka bi ta da hoge har ta bar mana gari.
A shekarar ɓera ya gama da rumbun masakwa,
aka ce sammu ne.

Jemage, wai ta baki yake kashi,
kunya ce ta rataye shi kai ƙasa.
Bakan gizo ya shanye ruwan damina.
Ƙwai kuma ba na yaro ba ne,
wanda ya ci zai tashi da ɗan hali.
Na shekara goma ban ɗanɗana ba,
kuma duk da haka na saci mangwaro.

Yau ina zaune a ɗakin gwajin jini,
wani ɗan asibiti a hanyar Fitowa.
Ɗigo ɗaya kan gilashi, ɗan shuɗin rini,
sai in sa ido a madubi.
Ga su nan, kamar zobba ƙanana
da wani ya zubar a cikin jini.

Ran da aka kawo ta tana rawar ɗari
na ce, "Inna, zo ki ga ɓarawonki."
Ta gyara ɗaurin zane, ta kanne ido ɗaya,
ta daɗe a sunkuye.
Na ce sauro ke kawo su,
kwantaccen ruwa ke kawo sauro,
shi mangwaro abokin tafiya ne kawai,
mota ɗaya suka shigo, ba su san juna ba.
Ta ɗago a hankali.
Ta ce, "Ka ga yadda suka yi ɓul-ɓul?
Zaƙi suke bi. Ai na faɗa maka."

Amma ta shanye maganin, har ƙwayar ƙarshe.
Ta ɗaura gidan sauro,
wai don kukansa a kunne, ba don maganata ba.
Ta kife randar da hannunta,
wai ta gaji da ganinta a tsakar gida.

Damina huɗu ke nan da muka kai ta makwanci.
'Yata Ladiyo tana cin ƙwai kowace safiya,
ba ta taɓa ɗaukar ko dala ba.
Tana shan mangwaro har ya gangaro gwiwar hannu.

Jiya da dare, na taso aiki,
na biyo gefen gonar auduga ina fito,
sai na ji muryar a bayan kunnena:
"Fito da dare kiran maciji ne."
Na san maciji bai damu da waƙata ba,
motsin ƙasa yake ji.
Na sani sarai, na karanta.

Na haɗiye sauran waƙar.
Na kunna tocila, na haska gabana,
na taka a hankali har gida.