Numfashin Aro

Da asuba sai na fasa ruwa da dutse.
Bokitin da na bari a ƙofa ya kwana ya yi fata,
fatar ƙanƙara, kaurin ɗan yatsa.
Shekara uku ke nan, amma har yau
in na sunkuya ɗaure takalmi sai in miƙe ina haki
kamar wanda kare ya koro.
Iskar tsaunin nan ba ta cika ƙirji.
Ashe numfashi aro ne;
a gida ban taɓa ƙirga shi ba.

Can ƙasa tafkin Titikaka ya shimfiɗe,
shuɗi kamar an tsoma shi a marina sau bakwai.
Eusebiya ta riga rana fitowa,
hula a karkace, kitso biyu har ƙugu,
tana tattake dankalin da sanyi ya kwana yana gasawa,
ƙafa ba takalmi, tana matse masa ruwa
don ya shekara a rumbu bai ruɓe ba.
Ta ce in tuɓe nawa in taya ta.
Na taya. Na kurma ihu.
Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Na zo da Littafi a jaka, da wa'azi arba'in a ka.
Ranar na farko ƙanƙara ta sauko kan kwano,
ba wanda ya ji ko kalma ɗaya.
Mu bakwai ne, da kare, da yoyon rufi.
Muka zauna muna kallon juna har ta ɗauke,
sai tsoho Anakileto ya ce amin,
wai bai taɓa jin wa'azi mai daɗin wannan ba.

Fermin ba ya zuwa sujada.
Ya ce shi da Uwar Ƙasa ba su ɓata ba,
kullum sai ya ɗiga mata kafin ya kurɓa.
Amma ran Laraba na ji guduma a sama:
ga shi kan rufinmu, ƙusa uku a baki.
Na ce nawa zan ba ka?
Ya ce riƙe tsani, ka rage surutu.

Takardar ofis ta iso, mai layi-layi:
rayuka nawa a wannan wata?
Na daɗe da biro a hannu.
Wane gurbi zan sa Fermin?
Ina gurbin romon da aka aiko a lulluɓe da mayafi
daren da zazzaɓi ya kwantar da Rahila,
ba mu ma san daga wane gida ba?

Kuɗin wata ya makara kuma.
Daddawar da Inna ta ƙulle mana ta kusa ƙarewa,
Rahila na gutsura ta kamar mai awon zinariya.
In mun kira gida, murya kan tsinke
tsakanin "yaya" da "sanyi".
Akwai daren da nakan ce, Ubangiji,
ba ka yi kuskuren adireshi ba kuwa?

Sai gari ya waye,
Kyauta, 'yar shekara shida, ta ja mini riga a kasuwa:
"Baba, ba haka ake faɗa ba,"
ta gyara mini Aimara a gaban masu sai da ulu,
su kuma su ƙara mana albasa biyu don ita.

Kalmarsu ta godiya, yuspagara,
na tambayi tushenta, aka ce: Allah zai biya.
Na yi shiru.
Teku guda na ƙetaro, da jirgi uku, da mota mai tari,
in zo in tarar da maganar kakata
zaune a bakin wata tsohuwa mai hula.

Yanzu dare ya yi. Lamomin Fermin sun durƙusa a garke
kamar 'yan raƙuman da aka mance a ba su tozo.
Na cika bokiti, na ajiye a ƙofa,
na ajiye dutsen kusa da shi.
Na ja numfashi ɗaya, bai cika ba.
Na ja na biyu.
Yuspagara.