Lamba Talatin da Takwas

A Hull, saman kantin kifi,
Wilfred Garbutt na da littafi mai jan bango.
Tun yana saurayi, kowace Lahadi
sai ya manna kunne jikin rediyo
ya rubuta waƙar da ta hau, da wadda ta zame.

Shafi ɗaya ya fi sauran shan yatsa:
makon da faifan ƙanensa Clive,
mai jita da gashi har kafaɗa,
ya leƙo lamba talatin da takwas.
Mako guda tak. Baƙon da ya sha ruwa a tsaye.
Clive ya koma dako a tashar jiragen ruwa,
bai sake zancen ba har ƙasa ta rufe idonsa.

Yanzu allura na tsallake rabin amshi.
Wilfred ya ƙi gyarawa.
Shi ke cike gurbin da bakinsa,
shayi na hucewa.