Sauro Bai Yi Laifi Ba

Sau uku bana na ɗora wa sauro laifi.
Na farko cikin azumi,
na biyu ranar da ruwa ya cinye hanyar Kabala,
na ukun ma na manta.
Zazzaɓi ne, ranka ya daɗe, haka nake cewa,
in ƙara da ɗan tari a waya don magana ta zauna.
Sauro bai taɓa zuwa ya ƙaryata ni ba.

Yau Talata.
Biyar da rabi waya ta yi ƙara, na kashe ta,
na yi salla, na shirya, na zauna bakin gado,
takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu,
har masu Keke suka fara hon a bakin titi
ban san abin da nake jira ba.

Jikina ba zafi.
Da za a ɗebi jinina a kai asibiti
takarda za ta dawo fara tas.
Amma wani abu ya kwana a ƙirjina
kamar buhun siminti da ruwa ya taɓa,
ba ya ɗaukuwa, ba ya fasuwa.

Shekara shida ina bayan gilashin banki a Kakuri,
ina ƙirga kuɗin mutane da jiƙaƙƙen yatsa.
Murmushi ma cikin kayan aiki yake,
kamar hatimi, kamar robar ɗaure kuɗi.
Jiya wani tsoho ɗan fansho ya ce, 'yata, sannu da ƙoƙari,
sai ga hawaye ba sallama.
Na sunkuya kamar biro ne ya faɗi.

Tsakanin gidanmu da Kasuwar Barci bai fi taku ɗari ba.
Akwai atamfa, akwai gwanjo, akwai tukunya da murfinta,
na zaga ta layi-layi
ban ga rumfar da ake auna barci ba,
ko da rabin gwangwani.

Na rubuta wa Oga Shekari:
Ba ni da zazzaɓi. Kaina ne ya cika. Ina roƙon yau.
Na goge. Na sake rubutawa.
Na tura, na kife wayar ƙarƙashin filo
kamar wadda ta jefa dutse cikin kasuwa.

Inna ta leƙo, ta ce, ina ke miki ciwo?
Na rasa wurin da zan nuna mata.
Ta dube ni, ta dubi takalmin,
ta ja ƙofa a hankali.
Ina ji tana kora yara waje,
tana rage wa rediyo murya.

Ƙarfe tara amsa ta zo: To.
Shi ke nan, harafi biyu.
Ko na fushi ne, ko na tausayi,
yau dai ba zan ɗora shi a sikeli ba.

Na yi barci har azahar.
Na tsefe kai, na wanke.
Na zauna tsakar gida ina kallon ƙadangare
yana shan rana bisa katanga,
ba wanda ya nemi takardar likita a wurinsa.

Da yamma sai ga Rifkatu, kafin ta wuce Barnawa,
da ayaba da lemo a leda, irin na dubiya.
Ta cire takalmi, ta miƙe ƙafa, ta ce,
kin tuna taifot ɗina na watan jiya?
Na ce na tuna.
Ta ce, ni ma ba taifot ba ne.
Muka yi ta dariya har ta koma wani abu,
muka bar ta ta koma.

Ana kiran magariba wani sauro ya sauka a hannuna.
Na ɗaga tafi, sai na fasa.
Na hure shi.
Je ka, malam, yau babu sunanka a takarda.