Muryar Malam Ilu

Ran da ya fara magana cikin akwati,
innarsa ta kifa ƙwarya a kai,
wai aljani ya ari muryar ɗanta.
Sai da ya yi tarin nan nasa ta yarda.

Shekara talatin yana tura keke
daga Gafai zuwa Ƙofar Guga,
na'ura a baya, goro a aljihu,
yana tatsar tsofaffi:
wa ya haƙa rijiyar nan?
Marinar wa aka cike?
Daren Laraba sai ya mayar wa gari abinsa.

Yanzu sunana ma ya ɓace masa.
Jiya na kunna tsohon faifai,
ya kasa kunne, ya daɗe,
ya ce, "Wannan ya san Katsina.
Ɗan gidan wa ne?"