Shagon Kaset a Aboabo

Baba Fuseini bai rufe shagon ba har yau,
ko da yake rabonsa da mai saye
tun kafin a yanke wa sidi sifili.

A bango ga mutumin nan mai tulin gashi,
ƙirji a buɗe, shi kaɗai da makirfo.
Rana ta lashe jan rigarsa,
haƙoran kawai ta bar masa.

Da can in muryarsa ta tashi
direban trotro kan rage wuta a kwana,
mai wake da shinkafa ta manta ludayi a tukunya.
Ba mu jin rabin turancinsa,
amma duk Zango ya san inda yake jan numfashi.
Yayana Seidu ya sha bulala
don ya tara suma irin tasa.
Yau kan Seidu kamar ƙwarya a kife,
shi ke kiran sallar asuba a layinmu.

Jiya na bi ta nan da jikata.
Ta ce, "Kaka, wane ne wannan? Ya rasu?"
Baba Fuseini bai tanka ba.
Ya zaro kaset, ya zura biro,
ya murza a hankali kamar mai jan guga.

Muryar ta fito tana makyarkyata,
ashe ita ma ta tsufa.
Ana tsakiyar amshi aka ɗauke wuta.

Ni da tsohon muka ƙarasa,
da kalmominmu na kuskure,
na shekara arba'in.